Kifin betta ya tsufa: yadda za ki gane, da yadda za ki riƙe shi

Wata baiwar Allah ta aiko da tambaya. Ta ce shekara 2 da wata 8 ke nan da suka sayo wa ɗanta kifin ado, irin wanda ake kira betta, namiji, shuɗi. Yanzu launinsa ya koɗe, yini yake yi kwance a ƙasan tanki, in zai taso shaƙar iska sai da ƙyar, abinci ma sai ya kai baki ya kuskure. Tana son ta san tsufa ne ko ciwo, da abin da za su yi masa, don yaron ya damu ƙwarai.

Malama, sannu da ƙoƙari. Na daɗe ina kiwon wannan kifi, kuma da dama sun tsufa a hannuna, don haka na san irin zaman da kike yi a gaban gilashin nan.

Mu fara da lissafin shekaru, domin kifin ya girmi yadda kike zato. Masu sayarwa ba sa kawo namijin betta kasuwa sai jelarsa ta buɗe, launinsa ya nuna, kuma hakan yakan ɗauki wata 6, wani ma sai ya kusa shekara. In kin haɗa da shekara 2 da wata 8 da ya yi a gidanku, kifinki ya haura shekara 3, yana iya ma doshin 4. Shi kuwa betta a hannun mai kiwo yawanci shekara 2 zuwa 4 yake yi, wanda ya kai 5 ya yi tsawon rai sosai. Kenan dattijo ne kike jinya, kuma kaiwarsa wannan shekaru shaida ce cewa kun riƙe shi da kyau.

Duk da haka kada ki yi saurin ɗora komai a kan tsufa. Wannan shi ne kuskuren da na fi gani, kuma shi ya fi yi mini ciwo, saboda kifaye da yawa da aka ce tsufa ya kashe su, sanyi ne ko gurɓataccen ruwa ya kashe su, abubuwan da ake gyarawa cikin kwana biyu. Bambancin yana cikin saurin abin. Tsufa a hankali yake zuwa, wata da watanni, har ba za ki iya nuna ranar da ya fara ba. Launi ya dusashe kaɗan-kaɗan, baya ya ɗan ranƙwafa, jiki ya rame, jela ta yi sirara bakinta ya nannaɗe, ido ya yi hazo, barci ya yi yawa. Ya daina tara kumfar nan da namiji ke yi a saman ruwa, ya daina kumbura wuya in ya ga inuwarsa. Amma in kin zo da abinci yana sane da ke, yana ƙoƙarin tasowa. Ciwo kuwa kwatsam yake faɗowa: kifin da makon jiya yake zagaya tanki, yau ya matse ƙegensa a jiki, ya ƙi ci, yana haki. In haka abin ya zo, ruwa ba ya tsami banza, a nemi dalili.

Dalili na farko da za ki duba shi ne zafin ruwa. Betta ɗan ƙasar Tailan ne da maƙwabtanta, asalinsa fadamu da gonakin shinkafa da kududdufai marasa zurfi a yankin kogin Chao Phraya da Mekong, inda ruwa yake da ɗumi kusan duk shekara. Mutanen can suna ce masa plakat, wato kifi mai cizo, kuma a 2019 gwamnatinsu ta ayyana shi a matsayin dabbar ruwa ta ƙasa. Jikinsa ba ya haɗa ɗuminsa da kansa, abin da ruwa ya ba shi da shi yake rayuwa. Yana son digiri 25 zuwa 27, ya jure 24 zuwa 28. Da ruwa ya sauka ƙasa da haka, narkewar abinci ta ja baya, garkuwar jiki ta yi rauni, sai ki ga ya kwanta kamar tsumma. Mu nan muna ganin ƙasarmu ƙasar zafi ce, ba ma tunanin hita, wato na'urar ɗumama ruwan tanki. Amma ki tuna dare a tsakiyar hunturu, Disamba zuwa Janairu, a Kano ko Zariya, balle Jos. Ƙaramin tanki a kusa da taga yana iya yin sanyin da matashin kifi zai daure, tsoho kuwa ba zai iya ba.

Ni ma ya taɓa faruwa da ni. Wani hunturu aka ɗauke mana wuta kwana uku, ina da wani jan betta da ya haura shekara 3. Na tarar da shi da asuba kwance a gefensa, na ɗauka ajali ne. Da na tsoma ma'aunin zafi sai na ga digiri 19. Na lulluɓe tankin da bargo, na cika gorar roba da ruwan ɗumi, na toshe ta gam na saka tana yawo a saman ruwan, ina sauya ta duk bayan 'yan sa'o'i. Kafin magariba ya miƙe, washegari ya ci. Ya ƙara kusan wata 10 a duniya. Don haka ki sayi ma'aunin zafi, ba shi da tsada, ki riƙa dubawa da sassafe, lokacin da ruwa ya fi sanyi. Kuma kada ki zuba ruwan zafi kai tsaye, ɗumin ya hau a hankali, digiri ɗaya ko biyu cikin sa'a ya isa. A bazara kuma abin yakan juya: in ruwa ya wuce digiri 30, iskar da ke cikinsa tana raguwa, jikin kifin kuma yana ƙara buƙatarta. Ki janye tankin daga rana, ki sa fanka tana kaɗa saman ruwan, kada ki jefa ƙanƙara.

Dalili na biyu shi ne ruwan kansa. Kifi yana fitar da amoniya ta numfashinsa da kashinsa, ragowar abinci ma in ta ruɓe amoniya take zama. Guba ce, tana ƙona wurin numfashinsa, kuma ba a ganinta da ido. Ruwa yana iya zama garau kamar na randa alhali yana kashe shi. Akwai wasu ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune cikin soson matatar ruwa, su ke mayar da amoniya naitirait, wadda ita ma guba ce, sannan su mayar da ita naitiret, mai sauƙin illa. Masu sayar da kayan kifin ado suna da abin gwaji na ɗigawa ko na tsinken takarda. Abin da ake so: amoniya sifili, naitirait sifili, naitiret ƙasa da 20 a ma'aunin abin gwajin. In ba ki samu abin gwajin ba, ki ɗauka ruwan na da laifi, ki canja kashi ɗaya cikin huɗu yau, ki sake gobe, ki ga ko zai warware. Ruwan famfo yana ɗauke da kulorin, sai an ɗiga masa maganin kashe ta kafin a zuba. Ruwan rijiya ko na burtsatse ba shi da kulorin, amma in da wani ruwa kifin ya saba, kada ki sauya masa rana ɗaya. Soson matata kuma a cikin tsohon ruwan tanki ake matse shi, in kika wanke shi a bakin famfo kin kashe ma'aikatan da ke tsare masa rai.

To, a ce zafi daidai, ruwa lafiya lau, kifi kuma yana nan yadda kika kwatanta. Tsufa ne. Ba shi da magani, kuma ba na son kowa ya sayar miki da kwalba ya ce tana mayar da ƙuruciya. Aikinki daga nan abu ɗaya ne: ki matso masa da komai kusa. Iska, abinci, wurin kwanciya, duk su zo inda yake ba sai ya yi wahala ba.

Iska ita ce kan gaba. Betta yana da wata gaɓa a cikin kansa da yake shaƙar iskar sarari da ita, kamar dai yadda tarwaɗa take daɗewa a tudu ba ta mutu ba. Wannan baiwa ce ta kifin fadama, kuma ya dogara da ita sosai: yakan riƙa tasowa saman ruwa yana kurɓar iska. Tsohon kifi mai doguwar jela, tasowa daga ƙasan tanki mai zurfi tamkar tsoho ne da babbar riga jiƙaƙƙiya yana hawan bene, sau da yawa a kowace sa'a, dare da rana. Jelar nan da ta ba ku sha'awa ranar da kuka saye shi, masu kiwo ne suka tsawaita ta, danginsa na daji gajeriyar jela gare su. Yanzu ta zama masa kaya. Saboda haka ki rage ruwan ya dawo zurfin santimita 12 zuwa 15, abin da bai kai taƙi ɗaya ba. In akwai hita, ki kwantar da ita yadda ruwa zai rufe ta gaba ɗaya, don in ta fito fili tana kunne za ta iya fashewa. Ki kuma sani ruwa in ya ragu ya fi saurin ɓaci, sai ki ƙara yawan canji ki rage girmansa: kashi ɗaya cikin goma zuwa ɗaya cikin biyar, sau biyu a mako, da ruwa mai ɗumi iri ɗaya, a zuba a hankali ta gefen gilashi. Ba a fito da tsohon kifi a juye tanki a wanke tas. Wannan wanka yana girgiza shi fiye da dattin da ake gudu.

Sai wurin kwanciya. Ki samar masa wani abu mai faɗi da laushi kamar yatsa biyu a ƙarƙashin saman ruwa. Ana sayar da ganyen roba mai maƙalewa a jikin gilashi, ko ki sa tsiron ruwa mai faɗin ganye. Nawa jan da na ambata, a watanninsa na ƙarshe a kan ganye ɗaya yake yini. Sai ya ɗaga kai kawai, ya kurɓi iska, wani ɗan kumfa ya fito ta gefen kansa, ya mayar da haɓarsa kan ganyen kamar mai gyangyaɗi bayan azahar. Duk wani abin ado mai kaifi ko mai ƙaramin rami ki cire, don kifin da ba ya gani sosai yana iya maƙalewa, in ya maƙale kuma bai samu tasowa ba, yana iya mutuwa. Matatar ruwa in tana turo ruwa da ƙarfi ki rage ta, ko ki ɗaura soso a bakinta. Ki bar murfi a kan tankin da 'yar kafa, yana riƙe ɗumi da laimar iskar da yake shaƙa. In akwai wasu kifaye tare da shi ki raba su, za su riga shi abinci, wasu ma su tsattsage masa jela. Wasan nuna masa madubi don ya kumbura wuya kuma ya ƙare.

Maganar kuskuren abinci da kika yi, ido ne. Tsofaffin betta suna samun yanar ido kamar mutane, wasu nau'o'in masu kaurin kamɓori mai ƙyalli kuma kamɓorin ne ke tsirowa ya rufe idon. Makanta ba ta hana shi rayuwa, don yana jin ƙamshi kuma yana jin motsin ruwa. Abin da yake buƙata shi ne sabo. Ki zaɓi kusurwa ɗaya da lokaci ɗaya. Ki ɗan taɓa saman ruwan da yatsa sau biyu, ki jira ya zo, sannan ki miƙa masa abincin a kan tsinke mara kaifi, daidai bakinsa, ƙwaya ɗaya-ɗaya. Cikin mako ɗaya zai gane alamar. Kada ki riƙa sauya wa kayan tanki wuri, ya haddace hanyoyinsa. Ƙwayoyin abincin ki jiƙa su a cokali da ruwan tanki na minti biyu ko uku su yi laushi. Ƙwaya 2 ko 3 da safe, haka da yamma, ya wadatar, in ma ya ci ƙasa da haka ba laifi, tsoho ba ya cin abin da saurayi ke ci. Betta maci nama ne, a daji ƙwari da tsutsar sauro yake kamawa, don haka in ya fara ƙin busasshen abinci, jar tsutsar da ake sayarwa daskararriya ko ƙananan ƙwarin ruwa sukan dawo masa da sha'awa. Wasu suna tsoma abincin cikin ɗigon ruwan tafarnuwa don ƙamshin ya jawo shi, na gwada kuma ya yi mini aiki. Ba na ba da shawarar a ajiye kwantaccen ruwa a gida don tara tsutsar sauro, zazzaɓin da za a jawo wa yara ya fi ƙarfin amfanin. Abin da bai ci ba ki tsame shi nan take.

Akwai wani ganye da masu kiwo a Tailan da Malesiya suka daɗe suna sakawa a ruwan betta, ganyen bishiyar almon ta Indiya, 'yar'uwar baushe. Ana shuka ta a garuruwanmu don inuwa, mai rassa hawa-hawa kamar lema da faffaɗan ganye da ke yin ja kafin ya faɗo. Busasshen ganye ɗaya, wankakke, daga bishiyar da ba a yi wa feshi ba, zai rina ruwan ya yi kalar shayi mara kauri. Kifin yakan fi natsuwa a irin wannan ruwa. Taimako ne, ba ya maye gurbin canjin ruwa.

Cututtukan da ke bin tsufa kuwa, ki san kamanninsu. In bakin jela ya yi baƙi yana zagwanyewa, ruɓewar ƙege ce, kuma mafi yawanta ruwa mai tsabta da ɗumi ke tsayar da ita. In yana yawo a karkace ko ya kasa nutsewa, jakar iskar da ke daidaita shi a ruwa ce ta samu matsala, sau da yawa saboda cushewar ciki. Ki hana shi abinci kwana ɗaya ko biyu ki gani. Ƙari yakan fito wa tsofaffi a jiki, ba abin da za a yi masa a gida, kuma kifi yana iya yin watanni da shi yana cin abincinsa. Wanda ya fi muni shi ne in ciki ya kumbura, kamɓori ya miƙe tsaye, in kin leƙo shi ta sama ki ga jikinsa kamar bawon abarba. Ruwa ne ya taru a jiki saboda ƙoda ta gaza, kuma da wuya tsohon kifi ya tashi daga wannan. Ra'ayina, kada ki yi ta zuba magunguna barkatai bisa zato. Kowane magani nauyi ne a kan hanta da ƙodar da suka riga suka gaji. In akwai likitan dabbobi da ya san kifi a kusa da ku, ki ɗauki hoto da bidiyo ki nuna masa, ya fi ki ɗauki kifin ki yi ta jijjiga shi a mota. Wani abu kuma don lafiyarku: akwai wata cutar kifi, dangin ƙwayar tarin fuka, da ke sa rama da lanƙwashewar baya, kuma tana iya shiga fatar mutum ta rauni. In akwai ciwo a hannu kada a tsoma shi a tanki sai da safar roba, kuma a wanke hannu da sabulu bayan an gama, musamman yaron.

Shi yaron, kada ki ɓoye masa. Ki gaya masa kifinsa ya tsufa kamar yadda kakanni ke tsufa, ki ba shi aikin tsinken abinci da duba ma'aunin zafi, ya zama da hannunsa aka yi jinyar. Kuma kada a bar kowa a gida ya ce masa don kifi kake kuka. Ya zo a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ga ƙanin Anas ɗan Malik, yaro ƙarami da ake kira Abu Umair, yana baƙin ciki don ɗan tsuntsunsa ya mutu, sai ya tsaya ya tambaye shi labarin tsuntsun.

Sauran magana mai nauyi: yaushe ake cewa wahalar ta isa? Ma'aunina uku ne. Yana ci? Yana iya kai bakinsa ga iska? Yana lura da ke in kin zo? Muddin waɗannan suna nan, ki bar shi ya yi kwanakinsa, kwanciya da yawan barci ba azaba ba ne. Amma in ya yi kwanaki bai ci ba, yana kwance a gefe yana haki, jiki ya kumbura, ya yunƙura ya kasa, to kina da zaɓi biyu kuma ba na ganin laifin kowanne. Ko ki rage haske, ki riƙe masa ɗumi, ki bar shi ya cika da kansa, ko ki sauƙaƙa masa. Hanyar da ake bi a gida ita ce man kanumfari tsantsa, wanda ba a gauraya da komai ba, domin yana ɗauke da sinadarin da ke sa kifi barci. Ana sa kifin a ƙaramin mazubi da lita 1 ta ruwan tankinsa. A auna kusan mililita 0.4 na man da sirinji, a girgiza shi sosai a kwalba da ɗan ruwan ɗumi har ya yi fari kamar madara. Sai a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan cikin kamar minti 5, ba a lokaci ɗaya ba, don ya fara yin barci kafin ƙarfin maganin ya kai. Bayan marfin da ke gefen kansa ya daina buɗewa da rufewa, a bar shi a ciki aƙalla minti 30, saboda kifi mai shaƙar iska yakan daɗe, kuma in an cire shi da wuri yana iya farfaɗowa. Kada a jefa shi masai da ransa, kada a sa shi a firiza, kada a tsame shi a bar shi a tudu. Duk waɗannan doguwar azaba ce. Bayan nan a haƙa ɗan rami a gindin bishiya a binne shi, kada a zuba shi a kwata ko rafi.

Amma daga yadda kika kwatanta, naku bai kai can ba. Kifin da ke kai baki ga abinci, ko da yana kuskurewa, yana son ci, kuma wanda ke son ci da sauransa. Yau da daddare ki rage ruwan, ki maƙala masa ganyen kwanciya, ki janye tankin daga taga. Gobe da asuba, kafin rana ta fito, ki duba ma'aunin zafi ki rubuta abin da ya nuna, sannan ki kira yaron ya riƙe tsinken.